Yaro Mai Rawar Kai: Bulala Ko Dabara?

Edita, ina roƙo ka ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a nan Zuba, a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun da muka komo daga gwajin koyarwa. Maganar ta wani yaro ce, da wata tsumagiya, da kuskuren da na yi da hannuna. Na tabbata a cikinmu babu wanda zai riƙe aji bai gamu da irin yaron nan ba, saboda haka gara mu yi shawara tun ba a ba mu takardar shaida ba.

An tura ni wata firamare a ƙasar Gwagwalada, aka ba ni aji uku. Yaran sun fi 70 a ɗaki ɗaya, ko da yake tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami guda da yara 35 ya kamata. Akwai Gbagyi, akwai Hausawa, da Bassa, da Ibo, da Yarbawa, kamar dai yadda kuka san makarantun ƙasar Abuja. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara tara, wanda ba zan faɗi sunansa ba. 'Yan ajin suna kiransa Fara, don ba ya zama wuri ɗaya. In na juya ga allo, kafin in waiwayo ya bar bencinsa. In na yi tambaya, kafin in kai ƙarshenta ya ba da amsa, sau da yawa kuwa amsar wata tambaya dabam. Fensirinsa kullum ya ɓace, littafinsa rabi a rubuce rabi fari fat. Amma fa yaron ba daƙiƙi ba ne. In maganar canji ce, kafin in gama ƙidaya da alli ya gama da ka, motocin tashar Zuba kuwa da kukan injinsu yake gane su.

Ran kwana na uku na zane shi. Na yi haka ne domin haka aka yi mini a makarantar mishan inda na yi firamare, haka kuma na ga ana yi. A mako biyu na farko ban san sau nawa na ɗaga masa tsumagiya ba. Wata rana da hantsi na ba shi shida masu kyau, ya koma ya zauna yana kuka. Hawayen bai ko bushe ba, sai ga ƙadangare ya gilma ta taga, yaro ya yi zumbur ya miƙe yana leƙe. Na kira shi da fushi, na ce, "Kai wane irin yaro ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba da gangan nake yi ba. Ina so in zauna, jikina ne ba ya yarda."

Jama'a, jikina ya yi sanyi. Nan take na tuna da wani abokina da muka yi aji ɗaya a mishan, mai irin wannan hali, wanda kusan kowace safiya sai ya sha bulala. A aji huɗu ya daina zuwa, mu kuwa muka ce ai dama ba ya ji. Sai a ran nan na tambayi kaina, shin duka na shekara huɗu da bai gyara shi ba, ashe ba wanda ya yi tunanin ko ba nan ciwon yake ba?

Bayan kwana kaɗan uwar Fara ta zo makaranta. Ta ce, "Malam, babansa ya ce in aka yi hutu ba zai komo ba, gareji za a kai shi. Mun kai shi wajen addu'a, an yi masa rubutu ya sha, gwaggonsa ma ta ce iska ce. Mun gaji." Na ce, "Mama, ku ba ni zuwa ƙarshen zangon nan." Na faɗi haka ban san abin da zan yi ba. Wannan alkawari shi ya kore ni zuwa laburare, ga kuma abin da na samo.

Abin da masana suka gane

Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali. Mu ce masa lalurar rashin natsuwa da yawan motsi. Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa huɗu, ADHD. Tun a 1798 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Crichton, ya rubuta labarin mutanen da ba sa iya tsayar da hankalinsu a kan abu ɗaya, ya kuma lura akwai 'yan makarantar da tsoron bulala ba ya sa su kula da darasi, lallashi kaɗai ma ba ya sa su. Ku duba fa, shekara fiye da 200 ke nan da wani ya gane abin da ni sai da na karya tsumagiya na gane. A 1902 wani likitan yara, George Still, ya yi lacca uku a Landan a kan yara masu wayo amma ba sa iya riƙe kansu. Sunan da ake kiranta da shi yanzu kuwa, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta sa shi a 1987.

Alamunta kashi biyu ne. Akwai rashin tsayar da hankali, watau mantuwa, da yar da kaya, da barin aiki a tsakiya, da zama kamar ba a ji ana magana ba. Akwai kuma yawan motsi da gaggawa, watau mutsu-mutsu, da tashi daga wurin zama, da katse magana, da kasa jiran layi. Wani yaro yana da kashi ɗaya, wani yana da duka biyu. A nan ina jan kunnenmu game da 'yan mata, gama da yawansu na farkon ne da su. Yarinya tana zaune shiru a bayan aji tana kallon taga, ba ta damun kowa, sai a ce mata shashasha, a bar ta a baya.

Da aka tattara binciken ƙasashe da yawa a 2007, aka ga kamar yara 5 a cikin 100 ne ke da ita. A wannan shekara kuma likitoci biyu, Adewuya da Famuyiwa, suka buga binciken da suka yi a makarantun firamare na Ilesha, suka sami kusan 9 a cikin 100. To, ku yi lissafi da kanku: a aji mai yara 70, kada mutum ya yi mamaki in ya sami uku ko fiye. Saboda haka masu cewa wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne, sai su sake tunani. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado yana da babban hannu a ciki, fiye da kashi 70 cikin 100. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa sammu ba ne. Wurin da ke riƙe linzami a ƙwaƙwalwa, wanda ke ce wa mutum dakata tukuna, shi ne ba ya aiki da ƙarfi kamar na tsaransa. Ita ce amsar abin da na gani ran nan: zafin bulala ya riga ya wuce, ƙadangare kuwa ga shi a gabansa.

Ba kowace ƙiriniya ce lalura ba

Kada wani ya karanta wannan ya koma aji yana liƙa wa yara suna. Ƙiriniya halin yaro ne, yaron da ba ya motsi ma shi ne abin tsoro. Likitoci ba sa cewa lalura ce sai alamun sun yi yawa, sun kai wata shida, sun fara tun yaro bai cika shekara 12 ba, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Yanke wannan hukunci aikin likita ne. Namu shi ne mu lura, mu rubuta abin da muka gani, mu gaya wa iyaye. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja nan a Gwagwalada, ga Asibitin Ƙasa a cikin birni, inda akwai likitocin yara.

Ruwa ba ya tsami banza, amma abin da ke tsamar da shi ba ɗaya ba ne. Yaron da ya zo makaranta bai karya ba, ba zai natsu ba. Wanda kunnensa ke ciwo, ko ba ya ganin allo sosai, ko jininsa ya yi ƙasa bayan zazzaɓin cizon sauro, haka. Akwai wata irin farfaɗiya da yaro ba ya faɗuwa, sai dai ya yi tsai na ɗan lokaci kamar ya tafi wata duniya. Ga kuma wanda ya fi yawa a wurinmu: yaron da Gbagyi ko Hausa yake ji a gida, mu kuwa mu yi ta zuba masa Turanci tun safe har azahar. Wa zai zauna shiru awa biyar yana sauraron abin da ba ya fahimta? Sai kuma gubar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara ta rage musu natsuwa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 yara akalla 400 suka mutu saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ko maƙwabciyarmu Neja, inda yara 28 suka mutu a ƙasar Rafi a 2015. Tsohon batirin mota da wani irin kwalli su ma suna da dalma. Duk waɗannan sai a fara kawar da su tukuna.

Matsayin magani

Ba na so a ce ɗalibin Zuba ya rubuta cewa magani banza ne, domin ba haka ba ne. Tun a 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya gano akwai ƙwayar da ke natsar da irin yaran nan, a yau kuma wadda aka fi sani ita ce Ritalin. Babban gwajin da aka yi a kan wannan magana an buga shi a 1999: yara 579, aka kasa su huɗu, aka bi su wata 14. Waɗanda likita ya ba magani yana bibiyarsu a kai a kai sun fi waɗanda aka yi wa horon hali kaɗai samun sauƙin alamun. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye ta ba. Amma a gwajin nan dai, waɗanda aka haɗa musu biyun sun wadatu da magani kaɗan, iyaye kuma sun fi gamsuwa da hanyoyin da akwai horo a ciki, sa'an nan kamar kashi uku cikin huɗu na yaran da aka yi wa horo kaɗai sun kai ƙarshe ba a ba su ƙwaya ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a shawararta ta 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 6 ba a fara da koya wa iyayensa dabarun riƙe shi kafin a yi zancen magani.

Ga kuma halin da muke ciki. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, mutane kuwa sun haura miliyan 200. Maganin sai da takardar likita, ba kuma a kowane kanti ake samunsa ba. Uwar da ke sayar da lemu a kasuwar Zuba, in ka ce mata ta jira wannan, ka ce mata ta cire ɗanta daga makaranta ke nan. Ko da an sami maganin, ƙwaya ba ta koya wa yaro karatu, ba ta koya masa yadda zai shirya jakarsa. Ina kuma roƙon iyaye don Allah, kada a sayo maganin barci ko na tari a ɗura wa yaro don ya yi shiru. Ba banza ba Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, domin ya gane mutanen da ke kewaye da majiyyaci su ma magani ne. In haka ya yi amfani ga manyan cututtuka, ina ga yaro mai rawar kai, wanda rabin yininsa a hannunmu yake?

Abin da na gwada a aji

Da farko na ɗauko shi daga bakin taga na kawo shi benci na gaba, kusa da teburina, tsakanin yara biyu masu sanyin hali. Na daina jero masa umurni uku a numfashi ɗaya. Sai in kira sunansa, in bari ya dube ni, in faɗi abu guda, in ce ya maimaita. Lissafi goma da nake ba aji, shi sai in ba shi uku, ya kawo in duba, in ƙara masa uku. Aikin bai ragu ba, yanka shi aka yi loma-loma.

Na biyu, tun da jikinsa motsi yake nema, sai na ba motsin aiki. Shi ke share allo, shi ke raba littattafai, shi ake aika ofishin hedimasta karɓo alli. Tashin da dā ake dukansa a kai, yanzu ya zama muƙami, har wasu suna kishi. Bayan kowane minti 20 kuma sai dukan aji mu miƙe mu yi waƙar ƙidaya da tafi. A 2013 an buga wani gwaji a Amurka inda aka sa yara masu wannan lalura tafiya da sauri ta minti 20, aka ga sun fi ƙoƙari a karatu da lissafi bisa ga ranar da suka zauna kawai. Ku duba wautar da muke yi: yaro ya kasa zama, sai mu hana shi fita tara don horo, mu toshe ƙofar da wutar za ta fita.

Na uku, shi ne ya fi mini wuya, watau yabo. Yaron nan tun da ya shiga makaranta bai taɓa jin sunansa a bakin malami ba sai da tsawa. Na ɗaura wa kaina niyyar in riƙa kama shi yana yin daidai. Da na ga ya yi minti biyar a zaune sai in ce, "Madalla, na ga ka zauna ka gama layi biyu." Sirrin abin shi ne a yi yabon nan take, a kuma faɗi abin da aka yaba. Irin yaran nan alkawarin ƙarshen shekara ba ya motsa su, lada na kusa suke ganewa. Ƙananan laifuffuka, kamar kaɗa ƙafa, na kau da kai. Manya kuwa, kamar dukan wani, akwai hukunci tsayayye da kowa ya sani tun da wuri: ya zauna gefe minti biyar, ba tsawa, ba zagi, in ya gama ya komo an wuce wurin.

Na huɗu wani wasa ne da aka fara gwadawa a wata firamare ta jihar Kansas a Amurka, aka kuma buga sakamakonsa a 1969. Akan raba aji ƙungiya biyu, a kafa dokoki kaɗan, a riƙa sa alama a allo, ƙungiyar da ta fi kiyayewa ta sami wata 'yar alfarma. Su laifi suke ƙidayawa; ni na juya shi, ina ba da maki ga ƙungiyar da na ga ta natsu. Alfarmar kuwa ba ta cin ko kwabo: su fara fita tara, ko su zaɓi tatsuniyar ranar Juma'a. Amfanin wasan nan ga mai aji 70 shi ne ba a ware yaro ɗaya, kowa yana ciki.

Na biyar ita ce takardar kullum. Na yanki kwali na rubuta abu uku kacal: ya zauna lokacin lissafi, ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, ya koma gida da fensirinsa. In an tashi sai in sa alama. Uwarsa ba ta karatu, saboda haka muka shirya da ita, da'ira alheri ce, gicciye akwai saura. Ran da ya kawo da'ira biyu, sai ta bar shi ya je ƙwallo, ko ta ƙara masa ƙosai. Na roƙe ta abu ɗaya, ran da ya kawo gicciye kada a doke shi, gama in aka doke shi takardar za ta riƙa ɓacewa a hanya.

Sauran aikin na gida ne. Masana barci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Mu kuwa mun san zaman Zuba, da Madalla, da Suleja: iyaye su fita tun asuba don neman mota zuwa birni, su komo bayan isha, yara suna gaban talabijin ko waya har tsakar dare. Lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya, a karya kumallo, a ajiye jaka wuri ɗaya kullum, waɗannan ba sa bukatar kuɗi.

Game da abinci, a yi hattara da masu talla. Da aka tattara gwaje-gwaje a 1995 ba a ga shaidar cewa sukari ne ke sa yara rawar kai ba, ko da yake rage shi yana da kyau don haƙori. Wasu launukan da ake sa wa alewa da lemun kwalba, wani bincike a Ingila a 2007 ya nuna suna ɗan ƙara wa yara motsi, har ƙasashen Turai suka sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kayan tun 2010. Man kifi yana da ɗan amfani, amma kaɗan ne. Duk wanda ya ce muku yana da gari ko ruwan da zai warkar da wannan lalura cikin mako guda, aljihunku yake so.

Masu cewa a'a

Na san abin da wasu za su ce, gama an riga an faɗa mini a ɗakin malamai. Wani dattijon malami, wanda nake girmamawa, ya ce, "Ɗana, ka ƙi naka duniya ta so shi. Mu da bulala aka gyara mu." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma tanƙwarawa aka ce, ba a ce a karya ba." Mu da muka kai kwaleji muna cewa bulala ta gyara mu, domin mu ne muka saura. Waɗanda ta kora, irin abokina, suna tasha da gareji, ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu. Ba kuwa sakaci nake kira a yi ba. Hanyar nan ta fi bulala tsanani, domin doka ba ta canzawa, kuma kullum sai an bi ta, ko malam yana cikin fushi ko yana cikin fara'a. Ban da haka, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a nan ƙasar Abuja, ta hana a ji wa yaro rauni a jiki ko a zuci, dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kuma ta ce kowane yaro sai ya yi shekara tara a makaranta. Ba ta ce ban da mai rawar kai ba.

Wasu kuma za su ce, malami mai yara 70, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ina ya ga lokacin wannan? Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Amma na auna da agogo: lokacin da nake ɓatawa wajen tsawa, da duka, da jiran aji ya lafa bayan kuka, ya fi wanda takardar kullum ke ci. Wasu za su ce ana nuna bambanci. To, yaron da ba ya gani sosai in aka kawo shi gaba, wa ke cewa an yi son kai? Masu kai yaro wajen addu'a kuma, a coci ne ko wajen malam, ban ce su bari ba. Addu'a ba ta hana a canza wa yaro benci. Abin da na ƙi shi ne a ce wa ɗan shekara tara yana da iska, ko maye ne, ya girma yana jin tsoron kansa.

Dole kuma in faɗi iyakar abin. Da masana suka sake duba gwaje-gwajen a 2013, suka ga in aka sa wanda bai san an yi wa yaro horo ba ya auna shi, sauƙin ainihin alamun ba ya kai yadda iyaye ke zato. Abin da horon ya fi gyarawa shi ne zaman yaro da iyayensa, da rage faɗa da taurin kai. Haka na gani da idona. Fara bai warke ba. Har ranar da na bar makarantar yana kaɗa ƙafa, akwai kuma ranakun da ya koma gida da gicciye uku. Amma littafinsa ya fara cika, ya ci lissafi a jarrabawa, ya yi mako uku bai ɓatar da fensiri ba. Ran da za a yi hutu ubansa ya zo da kansa, ya juya kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, a bar shi ya ƙara shekara mu gani." Na damƙa wa malamar ajin sauran kwalayen, ta yi alkawari za ta ci gaba.

Roƙona

Ina roƙon shugabannin kwalejinmu da malamanmu na sashen ilmi, a ba wannan magana wuri sosai kafin a tura ɗalibai gwajin koyarwa, a koya mana ita da aiki, ba da haddar ma'ana don jarrabawa kawai ba. A gayyato likitan yara daga Gwagwalada ko sau ɗaya a shekara ya yi mana bayani. Masu zuwa duba mu kuma, bayan sun duba tsarin darasi da tsabtar allo, su tambaye mu, wane yaro ne ya fi ba ka wahala, me kuma ka yi masa? A taron iyaye da malamai a yi bayanin nan da Hausa da Gbagyi, yadda kowace uwa za ta fahimta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba kowannenmu za a ba shi alli da rajista. Za ka tarar da naka Fara yana jiranka, watakila a bakin taga, watakila kuma yarinya ce shiru a bayan aji. Kafin ka aika a karyo maka tsumagiya, ka tambayi kanka ko ya ci abinci, ko yana ji, ko yana gani, ko ya fahimci harshenka. Sa'an nan ka matso da shi kusa, ka ba shi aiki kaɗan-kaɗan, ka yi mako biyu kana neman abin yabo a wurinsa. In ka gwada ka ga dabam, ga fili nan, Edita ba zai hana ka ba ni amsa ba.

Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a ba mu amana, ya sa mu gama lafiya, amin.